WANI, KOWA DA KOMI: YADDA AKE FAƊIN SU DA INGILISHI

Akwai waɗansu ƙananan kalmomi da ba sa fita daga bakin mutane tun safe har dare. Su ne wani, wata, wasu, kowa, komi da ko'ina. Yaro ƙarami ya san su, tsoho ya san su. Ba wanda ya je lakwal don ya koye su. Amma ran da aka zo rubuta su cikin takardar bashi, ko aka zo juya su zuwa wani harshe, a nan ake gane nauyinsu. Kalma guda daga cikinsu tana iya sa mai kaya ya yi asara. Tana iya haɗa aminai faɗa.

Wannan bayani zai nuna aikin waɗannan kalmomi a Hausa. Sa'an nan ya nuna yadda ake faɗin su da Ingilishi, da inda suke zama cikin magana. A karanta sannu a hankali. Inda aka tarar da rubutun Ingilishi, mushe ko wani ɗan kwaleji na gari ya karanta da ƙarfi, jama'a su maimaita.

MI YA HAƊA MUTUMIN DAMAGARAM DA INGILISHI?

Tun zamanin da, hanya ɗaya ta haɗa Damagaram da Kano. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayari kan taso daga Kano ya yada zango a Zinder kafin ya nufi Agadas da Tarabulus. Da Hausa ake ciniki. In za a aika wasiƙa, malamai ke rubuta ta da haruffan Larabci.

Faransawa sun shiga Zinder a 1899. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Daga 1906 zuwa 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka tsakaninsu. Daga baya yaran arewacin iyaka suka shiga koyon Faransanci a lakwal, na kudancinta suna koyon Ingilishi. Harshen gida bai sake ba. Hausa ce can, Hausa ce nan. Harshen takarda ne ya rabu biyu.

Iyaka ba ta yanke zumunci da ciniki ba. Mutanen Matamaye da Kance suna bi ta Ɗan Barto su shiga Daura, su wuce Kano. Na Magarya da Dungas suna kai dabbobi da wake kasuwar Maigatari da ta Mai'aduwa. Samari suna tafiya cin rani. Marasa lafiya kan je asibiti can. Duk wanda ya ƙetara yana gamuwa da Ingilishi. Zai gan shi a rasit, a takardar asibiti, a allon tasha, da cikin saƙon da ke shigowa ta salula.

Ban da wannan, a watan Maris na 2025 an fito da sabuwar babbar doka ta ƙasar Nijar. Dokar ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. Yara kuwa suna fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, wanda ake ce wa siziyam. Ke nan sanin ƴan kalmomi na wannan harshe yana da amfani ga manomi da makiyayi da ɗan kasuwa.

DA FARKO, A SAN NA GIDA

Kowane mutum da sunansa, kowane abu da sunansa. Amma ba kullum ake kiran suna ba. In an ambaci mutum sau ɗaya, sai a ci gaba da cewa shi, ko ita, ko su. Masu nazarin harshe suna ce wa irin wannan kalma wakilin suna. Tana tsayawa a madadin suna, kamar yadda wakilin sarki ke tsayawa a madadin sarki.

Akwai wakilin da an san wanda ya aiko shi. In an ce "shi ne ya zo", mai magana da mai saurare duk sun san ko wane ne. Akwai kuma wakilin da ke sakaya mai shi. In an ce "wani ya zo", ba a bayyana ko wane ne ba. Ko dai mai magana bai san shi ba, ko ya sani amma ba ya so ya faɗi, ko kuwa faɗin sunan ba shi da wani amfani. Waɗannan na biyun su ne ake magana a kansu. A kira su kalmomin sakaya.

A Hausa sun kasu gida uku.

Gida na farko shi ne wani, wata, wasu. Wani na namiji ne, wata ta mace ce, wasu ko waɗansu na masu yawa ne. Suna iya tsayawa su kaɗai: wani ya yi sallama. Suna iya shiga gaban suna: wani baƙo, wata rana, wasu awaki.

Gida na biyu shi ne na masu farawa da ko. Ana ɗaukar kalmar tambaya a sa mata ko a gaba. Wa ya zama kowa. Mi ya zama komi. Ina ya zama ko'ina. Yaushe ya zama koyaushe. Wane ya zama kowane, wace ta zama kowace.

Gida na uku shi ne an, ana, aka, za a. An sace akuya. Ana kiɗa a dandali. Za a raba iri gobe. An faɗi aikin, an ɓoye mai aikin.

Akwai kuma wane, wance da kaza. Su ana sa su ne a gurbin sunan da aka sani amma ba a so a kira: wane ya ce wa wance abu kaza.

A lura da abu ɗaya, domin shi ne tushen wannan bayani. Kowa da komi suna da fuska biyu. In an ce "kowa ya zo", duka mutane sun zo ke nan. In an ce "ban ga kowa ba", ko mutum ɗaya ba a gani ba. In an ce "komi ya ƙare", duka kaya sun ƙare. In an ce "ban ci komi ba", ko loma ba ta shiga baki ba. Kalma ɗaya ce, aikinta biyu. Bahaushe ba ya rikicewa, don "ba" da ke gaba da "ba" da ke baya suna nuna masa fuskar da ake nufi. Ingilishi kuwa ya ba kowace fuska kalmarta dabam. A nan tarkon yake.

YADDA INGILISHI YA GINA NASA

Kalmomin sakaya na Ingilishi kamar gini suke. Kowace tana da kai, tana da gindi.

Kawunan huɗu ne: some, any, no, every. A bakin mutanen Nijeriya ana jin su kamar sam, eni, no, ebiri.

Gindin ma huɗu ne. Body da one na mutum ne, ana faɗin su bodi da wan. Thing na abu ne, ana jin sa kamar tin. Where na wuri ne, ana jin sa kamar weya.

In an ɗora kai bisa gindi, ga abin da ake samu:

somebody, wato sambodi: wani ko wata
something, wato samtin: wani abu
somewhere, wato samweya: wani wuri

anybody, wato enibodi: kowa, ko wane ne
anything, wato enitin: komi, ko mine ne
anywhere, wato eniweya: ko'ina, ko ina ne

nobody, wato nobodi: ba kowa
nothing, wato notin: ba komi
nowhere, wato noweya: ba ko'ina

everybody, wato ebiribodi: kowa da kowa
everything, wato ebiritin: komi da komi, duka
everywhere, wato ebiriweya: ko'ina da ko'ina

Body da one ma'anarsu ɗaya. Someone daidai yake da somebody. Haka anyone da everyone. No one kaɗai ake rubutawa a rabe. Kai 4 da gindi 4 sun haifi kalmomi 16. Wanda ya riƙe ƙananan kalmomi 8 ya sami 16 ke nan. Masu nazari ba sa lissafa na wuri cikin wakilan suna, amma hanyar aiki da su ɗaya ce da sauran.

ƘA'IDA TA 1: SOME NA BA DA LABARI NE

In ana faɗin abin da ya faru ko abin da yake akwai, gidan some ake shiga.

Somebody came. Wani ya zo.
I bought something. Na sayi wani abu.
He went somewhere. Ya tafi wani wuri.

Jerin kalmomin daidai yake da na Hausa. Mai aiki ne a gaba, sai aikin, sai abin da aikin ya faɗa wa. Wannan sauƙi ne ga mai jin Hausa.

Amma akwai inda Hausa ta fi bayani. Mai gida ya dawo daga gona, aka ce masa "wata ta zo neman ka". Nan take ya san mace ce. Somebody ba ya nuna namiji ko mace. Mai son a gane mace ce sai ya ce a woman, wato wata mace. Haka kuma somebody mutum ɗaya ne tak. In wasu ake nufi, sai a ce some people, wato wasu mutane.

ƘA'IDA TA 2: ANY NA TAMBAYA NE DA NA MUSU

In ana tambaya, some yakan koma any.

Did anybody come? Akwai wanda ya zo?
Did you buy anything? Ka sayi wani abu?

In ana cewa abu bai faru ba, nan ma any ne. Kalmar not ita ce "ba" ta Ingilishi.

I did not see anybody. Ban ga kowa ba.
I did not buy anything. Ban sayi komi ba.
I did not go anywhere. Ban je ko'ina ba.

Akwai tambayar da ke riƙe some. Ita ce ta tayi da ta roƙo, wadda ake sa ran a amsa ta da i. Mai masauki zai ce wa baƙonsa: Do you want something to eat? Wato, kana son abin taɓawa?

Any yana kuma shiga maganar da ba tambaya ba ce, ba musu ba ce. A nan ma'anarsa ko wane ne, ko mine ne, ba zaɓe.

Anybody can enter. Kowa yana iya shiga, ko wane ne.
Take anything. Ɗauki wanda ka ga dama.

A kula da wannan ta ƙarshe. In mai kanti ya ce take anything, ya ba da izinin zaɓe ne. Bai ce a kwashe kantin ba. Kwashe duka shi ne take everything.

ƘA'IDA TA 3: NO YANA ƊAUKE DA "BA" A CIKINSA

Nobody, nothing da nowhere ba sa bukatar not. Su da kansu sun riga sun musa.

Nobody came. Ba wanda ya zo.
I have nothing. Ba ni da komi.
There is nobody at home. Ba kowa a gida.

Hausa takan sa "ba" biyu, ɗaya gaba ɗaya baya: ban ga kowa ba. Ingilishin takarda musu ɗaya yake so cikin magana ɗaya. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Don haka hanya biyu ce ta faɗin "ban ga kowa ba". Ko a ce I did not see anybody, ko a ce I saw nobody. Duk biyun daidai ne. Abin da ba a yi shi ne haɗa not da nobody wuri ɗaya. A tasha da kasuwa akan ji masu haɗawa, kuma ana gane su. Amma a wasiƙa, a ofis da wurin jarrabawa, kuskure ake ɗaukar sa.

Ga wani abin lura. In kalmar sakaya ce ta buɗe maganar musu, nobody ko nothing ake sawa. Ana cewa nobody came. Ba a fara irin wannan magana da anybody a biyo da not.

ƘA'IDA TA 4: EVERY NA DUKA NE, AMMA ƊAYA AKE ƊAUKAR SA

Everybody is here. Kowa yana nan.
Everything is ready. An shirya komi.

Ko da mutum ɗari ake nufi, everybody yana tafiya kamar mutum ɗaya. A Ingilishi is na ɗaya ne, are na masu yawa ne. Has na ɗaya ne, have na masu yawa ne. Ana cewa everybody is, everybody has. Haka somebody is, nobody has, nothing is. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ai "kowa ya zo" ake cewa, ba a cewa "kowa sun zo".

Inda suka rabu shi ne wajen mallaka. Hausa tana cewa "kowa ya kawo hauyarsa", ko da akwai mata cikin masu gayya. Masu Ingilishi na yanzu sun fi cewa everybody brought their hoe. Their yana nufin nasu ko tasu. Ana sa shi don ya haɗa maza da mata.

INDA KUSKURE KE JAWO ASARA

A ce wani manomi daga wajen Magarya ya sayar da buhu 10 na wake. Mai sayen ɗan kasuwa ne na kudancin Nijeriya, ba ya jin Hausa. Yaronsa ne ya karɓi kayan, bisa alkawarin za a biya bayan wata guda. Wata ya cika, ko dala ba ta shiga hannun manomi ba.

Sai manomi ya kira ɗansa da ke kwaleji. Ya ce masa ya rubuta wa mai kayan saƙo ta salula, ya shaida masa yaronsa bai biya komi ba. Ɗan ya tuna an koya masa komi shi ne everything. Sai ya rubuta: He did not pay everything.

Mi mai kayan zai karanta? Zai karanta "bai biya duka ba". Zai ɗauka an ba da wani abu, saura ake bi. In yaron nan ba shi da amana, ya sami ƙofa ke nan. Sai ya ce ai ya ba da rabi. In aka je gaban manya, saƙon manomi da kansa shi ne zai zama shaida a kansa. Kuɗin buhu 5 na iya salwanta saboda kalma ɗaya.

Ga maganganu huɗu a jere. A dube su da kyau:

He paid everything. Ya biya duka.
He paid something. Ya biya wani abu.
He did not pay everything. Bai biya duka ba, da saura.
He did not pay anything. Bai biya komi ba.

Ta huɗu ita ce ta manomin. Ana kuma iya cewa he paid nothing. Ƙa'idar ita ce: in komi ko kowa ya zauna tsakanin "ba" da "ba" da ma'anar ko ɗaya, any ne abokinsa. Every ba ya shiga nan.

Haka abin yake wajen mutane. Hausa ta raba "ba kowa" da "ba kowa ba". In an kira taro aka ce "ba kowa", fili ne wayam. In aka ce "ba kowa ne ya zo ba", wasu sun zo, wasu ba su zo ba. Ta farko ita ce nobody came. Ta biyu ita ce not everybody came.

"BA KOMI" A GABAN LIKITA

"Ba komi" magana ce ta kara. Wanda aka taka ya ce ba komi. Wanda aka yi wa godiya ya ce ba komi. Har marar lafiya, in an tambaye shi mi ke damun sa, yakan fara da ba komi, don kunya ko don dauriya. Ɗan uwansa Bahaushe ya san ba a nan maganar ta tsaya ba, sai ya sake tambaya.

Likitan da ba ya jin Hausa ba lalle ya sake tambaya ba. In aka juya masa "ba komi" aka ce nothing, zai ɗauka babu komi ɗin da gaske. Kafin a yi wa mutum aiki, ko kafin wani awon jini, likita kan tambaya: Did you eat anything? Wato, ka ci wani abu? Yakan kuma tambaya ko an sha wani magani. Wanda ya sha fura ko koko, ko ya sha jiƙo a gida, kada ya ce nothing. Ya ce something, ya kuma faɗi ko mine ne. Mai yi masa tafinta shi ma ya kula. Likita da amsar nan yake aiki.

ƘA'IDA TA 5: BAYANI YANA BIYOWA BAYA

A Ingilishi kalmar da ke siffanta abu takan zo gaban abin. Ana cewa good rice, wato shinkafa mai kyau, good ne a gaba. Amma da kalmomin sakaya sai ta koma baya, kamar yadda Hausa ke yi.

something good: wani abu mai kyau
something new: wani abu sabo
somebody strong: wani mai ƙarfi

Akwai ƙaramar kalma else, ana faɗin ta els. Ma'anarta dabam, ko kuma ƙari. Ita ma baya take zama.

somebody else: wani dabam
Anything else? Da sauran wani abu?
Nothing else. Shi ke nan, ba saura.

Wannan tambaya ta biyu ana yawan jin ta a kanti da wurin sayar da magani.

In ana nufin mallaka, sai a liƙa harafin s a ƙarshe, da ɗan ɗigo a sama. Somebody's goat, akuyar wani. A lura, a Ingilishi mai abu ne ke gaba, abin yana baya. A Hausa abin ne ke gaba.

ƘA'IDA TA 6: INA "AN" TA SHIGA?

Hausa tana da an, ana, aka. Faransanci yana da irinta, wato on. Ingilishin yau da kullum ba shi da kalma guda mai wannan aiki. Sai ya bi ɗaya daga hanyoyi uku.

Hanya ta farko, a sa somebody. An sace akuyata: Somebody stole my goat.
Hanya ta biyu, a fara da abin da aikin ya faɗa wa: My goat was stolen.
Hanya ta uku, a sa they ko people, wato su ko mutane. An ce: They say, ko people say.

Komi ma yana da wani aiki na uku a karin magana. In an ce "komi nisan jifa ƙasa zai faɗo", wannan komi yana nufin duk yadda. Ba anything ba ne, ba everything ba ne. Ingilishi yana da wasu kalmomi dabam na wannan wuri. Don haka ba a juya karin magana kalma bayan kalma.

NA FARANSANCI FA?

Masu karanta takardun ofis na Nijar za su gamu da ƴan uwan waɗannan kalmomi a Faransanci. Quelqu'un shi ne wani ko wata. Quelque chose shi ne wani abu. Tout le monde shi ne kowa da kowa. Tout shi ne duka. Rien shi ne ba komi. Personne shi ne ba kowa.

Wajen musu Faransanci ya fi kama da Hausa, don shi ma kalma biyu yake sawa, ne a gaba, rien ko personne a baya. Personne kuma tana da fuska biyu kamar kowa. In an ce une personne, mutum ɗaya ake nufi. In ta biyo bayan ne, ba kowa ake nufi. Ɗan kwalejin da ya saba da musu biyu a Hausa da Faransanci, shi ne ya fi saurin kai wannan al'ada cikin Ingilishi. Sai ya yi hattara.

INDA SAKAYA KE DA KYAU, DA INDA BA TA DA KYAU

Kalmomin sakaya suna da ranarsu. Da su ake yin nasiha ba tare da an kunyata mutum ba. Dattijo ya ce "kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa". Bai kira sunan kowa ba, amma mai laifi ya ji a jikinsa. Aka ce "wani tsuntsu yana gudun ruwa, agwagwa ruwa take nema". Ba a ce ga tsuntsun ba, an dai gane. Da su ake rufa asirin maƙwabci. Da su ake sasanta masu faɗa.

Amma takardar shaida ba wurinsu ba ce, ko da wane harshe aka rubuta ta. A duba wannan: "Wani ya karɓi wasu buhuna wata rana, an biya wani abu." Wa ya karɓa? Buhu nawa? Yaushe? Wa ya biya, nawa ya biya? Irin wannan takarda ba ta raba gardama gaban mai gari, balle gaban alƙali.

Takardar bashi, ta jinginar gona, ta sayen dabba da littafin bankin cimaka duk abu biyar suke bukata:

1. Sunan mai bayarwa da sunan mai karɓa, kowa da sunan mahaifinsa da garinsu.
2. Sunan kayan da yawansu da lamba: buhu nawa, tiya nawa, kai nawa.
3. Kuɗin da lamba, a kuma faɗi ko sefa ne ko naira.
4. Ranar karɓa da ranar biya.
5. Sunayen shaidu da sa hannunsu.

Da manomin nan na Magarya ya sa an rubuta "buhu 10, kuɗi kaza, abin da aka biya 0", da ba inda za a murɗa maganarsa. Lamba ba ta da fuska biyu. Bahaushe da Bafaranshe da Baturen Ingila duk ɗaya suke karanta ta.

ABIN DA ZA A RIƘE

Some na ba da labari ne da tayi.
Any na tambaya ne da musu, da kuma "ko wane ne".
No ya ishi kansa, ba a haɗa shi da not.
Every na duka ne, amma kamar mutum ɗaya yake tafiya.
"Bai biya komi ba" da "bai biya duka ba" ba ɗaya ba ne, a Hausa ko a Ingilishi.

TAMBAYOYI DOMIN MASU KARATU

1. Mi ya bambanta "ba kowa" da "ba kowa ba"? Kowa ya kawo misali daga garinsu.
2. Wace kalmar Ingilishi za a sa wa komi cikin "ban ci komi ba"? Wace za a sa masa cikin "komi ya ƙare"?
3. Mai kanti ya ce take anything. Mi ya ba da izinin a yi?
4. A kawo karin magana guda uku masu wani, kowa ko komi. A rubuta su a allo.
5. A sake rubuta takardar nan ta "wani ya karɓi wasu buhuna", yadda za ta zama shaida.

Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa wanda bai samu ba, musamman masu shirin tafiya cin rani da masu kai kaya kasuwannin kudu. In za a sa a rubuta wa mutum saƙo da harshen da ba ya ji, ya sa a mayar masa da shi Hausa ya saurara kafin a aika.